Wa Ke Biyan Mawaƙi? Tarihin Yawon Waƙa Daga Zangon Kumasi Zuwa Filin Ƙwallon Landan

A watan Oktoba na 1960, makonni kaɗan bayan Nijeriya ta karɓi mulkin kai, wani baƙar fatar Amurka mai busa da waƙa, Louis Armstrong, ya sauka a Afirka ta Yamma da 'yan kiɗansa. Ya yi wasa a Ghana, ya shigo Nijeriya, har ya iso Kaduna, inda aka ɗauke shi hoto da Sardauna Ahmadu Bello. Ba wani sarki ne ya kira shi ba, kuma ba bikin ɗan wani attajiri ya zo ba. Kamfanin lemon kwalba na Pepsi ne ya ɗauki nauyin wannan sashe na tafiyar don ya tallata hajarsa, sannan gwamnatin Amurka ta ci gaba da ɗaukar nauyinsa zuwa Kwango da wasu ƙasashen. Tun kafin ya hau jirgi an gama lissafin abin da zai samu, an sa hannu a takarda.

A ƙasar Hausa ta wancan zamani ba haka ake yi ba. Babban makaɗi yana da ubangida. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, Mamman Sarkin Taushi na Sarkin Katsina, Musa Ɗanƙwairo kuwa ya taso a gidan makaɗan Maradun. Ladan waƙa doki ne da riga da rawani da dammunan hatsi, wani lokaci gona ko gida. Ba a ciniki, don ciniki tsakanin sarki da makaɗinsa abin kunya ne ga su duka biyun. Makaɗi ya wasa ubangidansa, ya yi wa abokin hamayyarsa zambo, shi kuma ubangida ya riƙe shi da iyalinsa har mutuwa. Wannan tsari ya haifar da waƙoƙin da har gobe ba a yi kamarsu ba wajen zurfin Hausa. Sai dai mai irin wannan gata ba ya faɗin abin da zai ɓata wa mai gatan rai.

Talakawa ma suna da nasu. A karkarar kudancin Kano, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada, kamar sauran ƙauyukan Hausa, kaka ce lokacin kiɗa. An kai amfanin gona gida, aljihu ya yi nauyi, sai samari su haɗa kuɗi su ɗauko makaɗi a yi kalankuwa. Manoma da makaɗinsu, maƙera da nasu, mahauta da masu kalangu, 'yan dambe da irin su Ɗan Anace, mafarauta da 'yan tauri da irin su Kassu Zurmi. Akwai kuma ajo, inda ake kiran taro musamman don a tara wa mai ajon abin da ya sauwaƙa. A duk waɗannan wurare ba a tare ƙofa. Kowa ya zo ya kalla, wanda aka ambaci sunansa ko aka taɓo masa zuciya shi ke sa hannu a aljihu.

Cikin wannan duniya Mamman Shata ya taso, shi ne kuma ya faɗaɗa ta fiye da kowa. An haife shi a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, don a wurinsa roƙo ba sana'ar gidansu ba ce. Shata ya yi tallan goro da alewa, ya yi waƙar dandali, ya zauna Bakori da Funtuwa da Kano, har sunansa ya fi ƙarfin gari ɗaya. Abin da ya bambanta shi da makaɗan fada shi ne bai bar wani gida guda ya mallake shi ba. Yana da iyayen gida, babba daga cikinsu Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma ya yi wa sarakuna, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da sojoji lokacin yaƙin basasa, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya yi wa kansa Bakandamiya. Ba ya zama ya tsara waƙa a gida. A gaban jama'a take zuwa, masu kalangu da 'yan amshi suna biye.

Hanyoyin da ya bi zuwa ƙasashen waje ba shi ya share su ba. Fatake ne suka share su ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi, masu kai kanwa da tufafi Gwanja su dawo da goro. Duk inda ayari ya saba sauka, zango ya kafu: Salaga, Kumasi, Akara, da garuruwa da yawa a tsakani. Ta gabas kuma hanyar aikin hajji ta ƙasa ta bar Hausawa a Cadi da Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba da tafiya har suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Waɗannan mutane suna jin Hausa, suna kewar gida, kuma a cikinsu akwai masu kuɗi. Da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, muryar makaɗan Hausa ta riƙa riga su isa wurare masu nisa. Shata ya shiga Nijar da Ghana ya tarar an haddace waƙoƙinsa. Ya sauka gidan mai masauki, a sanar da gari, a kafa taro, attajiran zango su yi ta gasar kyauta. Wannan shi ne rangadin waƙa na ƙasa da ƙasa irin na Bahaushe, kuma ya yi albarka: motoci, kujerun Makka, riguna, kuɗi a buhu. Amma dukiya ce da ke shigowa ta hannun mutum goma ko ashirin a taron da dubbai suka halarta, kuma ba a rubuta ta a littafi. Shata kansa ya shahara da rabar da abin da ya samu.

A daidai shekarun da Shata ke tashe, wani abu dabam yana tsirowa a Amurka. Ran 15 ga Agusta 1965, samari huɗu 'yan Ingila da ake kira Beatles suka yi wasa a filin Shea da ke birnin New York, gaban mutum 55,600 da kowannensu ya sayi tikiti. An tara dala 304,000 a dare ɗaya. Lasifikokin ba su da ƙarfi, ihun 'yan kallo ya danne kiɗan, har su kansu masu wasan ba sa jin abin da suke kaɗawa. Duk da haka 'yan kasuwa sun fahimci darasin: idan za a iya zuba mutum dubu hamsin a filin ƙwallo, kowa ya biya kaɗan, abin da za a samu ya fi kyautar kowane attajiri. Shekaru ashirin da suka biyo baya an yi su ne ana gyara na'urorin sauti, da fitilu, da manyan allunan majigi, da dandamalin da ake kwancewa a loda a tireloli a kafa shi a wani gari washegari.

Wanda ya nuna iyakar abin a zamaninsa shi ne Michael Jackson. Ya fara rangadin kundinsa mai suna Bad a birnin Tokyo a watan Satumba 1987, ya rufe shi a Los Angeles a Janairu 1989. Wasa 123 a ƙasashe 15, 'yan kallo miliyan 4.4, kuɗin shiga dala miliyan 125. Pepsi ce dai ta tsaya masa, kamar yadda ta yi wa Armstrong. A filin Wembley na Landan kaɗai ya yi wasa sau bakwai a 1988, mutum 504,000 suka shiga. A wannan shekarar ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dakta. Ba na shakkar cewa, gwargwadon yawan masu jin harshensa, Shata ya shiga zukata kamar yadda Jackson ya shiga zukatan nasa mutanen. Bambancin yana ƙofar fili.

Yadda kuɗin irin wannan rangadi ke taruwa ba sihiri ba ne. Akwai mai shirya wasa, wanda ke kama filin haya, ya biya masu tsaro da inshora da talla, ya yi wa mawaƙi alkawarin wani adadi ko an cika ko ba a cika ba, sannan su raba abin da ya haura. Akwai kamfanin sayar da tikiti, mai lamba a kan kowace kujera. Akwai riguna da huluna masu hoton mawaƙin da ake sayarwa a bakin ƙofa. Akwai kamfanin da ke biya don a liƙa sunansa. Bayan wasa a bayyana adadin waɗanda suka shiga da abin da aka tara, kuma da wannan adadi ne mawaƙin zai yi ciniki a gari na gaba. Da intanet ta karya kasuwar faifai a farkon shekarun 2000, sai wasan fili ya zama babbar hanyar samun mawaƙan duniya. Shi ya sa farashin tikiti ya yi ta hawa, har mawaƙiya Taylor Swift ta yi wasa 149 tsakanin Maris 2023 da Disamba 2024, ta sayar da tikiti sama da miliyan 10, aka tara fiye da dala biliyan 2. Ba ta taka Afirka ba.

Namu manyan ma sun ƙetare teku. Shata ya je Ingila da Amurka, kuma tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya ɗauki kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga Turai da Amurka, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta zaman lafiya. Shi ne ma ya fi cancanta a ce mawaƙin jama'a, tun da waƙarsa ta karen mota da waƙoƙinsa kan aure da halin ɗan Adam ba su da wani attajiri da za a je wa karɓar tukwici. Amma akasarin irin waɗannan tafiye-tafiye na wakilci ne: gwamnati ko wata cibiyar al'adu ta gayyata, a biya jirgi da masauki, a yi tafi, a dawo da lambar girma. Sun ɗaga sunan Hausa, ba su gina kasuwa ba. Shata ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa. Ɗanmaraya ya rasu a Jos ran 20 ga Yuni 2015.

A shekarar da Shata ya rasu ne fim ɗin Sangaya ya fito a Kano, kiɗan fiyano ya mamaye gari. Daga nan mawaƙin Hausa ya koma ɗakin ɗaukar sauti, yana sayar wa mai shirya fim waƙa a kan farashi guda, shi kuma ya kai kasuwar Ƙofar Wambai. An sami wani ɗan lokaci da wasan gala ya yi ƙarfi, 'yan fim da mawaƙa suna hawa dandamali ana karɓar kuɗi a ƙofa. Wannan ne ya fi kusa da tsarin tikiti, amma ya tashi ba tsari, ya jawo wa kansa ƙorafin iyaye da malamai, wasu ƙorafe-ƙorafen kuwa da gaskiyarsu. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka ɗaure Adam Zango kan kundinsa Bahaushiya, a 2009 aka kama Aminu Ala. Ana cikin wannan sai masu tura waƙa a waya suka ƙarasa kasuwar faifai: da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba za a cika wa mutum memori da aikin shekara goma na mawaƙi, ko sisi ba za ta koma wa mai waƙar ba. Mafita biyu suka rage, gidan biki da gidan ɗan siyasa. Fada ma ba ta saki ba: Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru Ahmad Sarkin Waƙa a ƙarshen 2018, shi kuma ya ajiye rawanin a Maris 2020 bayan an sauke ubangidansa.

Mawaƙan kudu sun bi wata hanyar. Sunny Ade ya buɗe ƙofa a 1982 da kamfanin Island ya fitar da kundinsa a Turai da Amurka, amma ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. Sai bayan shekara arba'in aka shiga da gaske. Damini Ogulu, wato Burna Boy, ɗan Fatakwal, jikan Benson Idonije wanda ya taɓa zama manajan mawaƙi Fela, ya ci kyautar Grammy a 2021, ya cika zauren Madison Square Garden a Afrilu 2022. Ran 3 ga Yuni 2023 ya tara mutum 60,000 a filin ƙwallon da ƙungiyar West Ham ke wasa a Landan, ɗan Afirka na farko da ya jagoranci wasa a filin ƙwallo a Ingila. Wata guda bayan haka ya yi a filin Citi na New York, Wizkid kuma ya yi nasa a filin Tottenham a ƙarshen Yuli. Da Burna Boy ya koma filin na Landan a Yuni 2024, masu ƙididdigar tikiti sun ce an tara sama da dala miliyan 6 a daren. A Afrilu 2025 ya hau dandamali a babban filin Faransa da ke wajen birnin Paris. Mahaifiyarsa, Bose Ogulu, ita ce manajarsa, kuma a ganina rabin nasarar nan ta ofis ce: lauya, akawu, kwangila, da mai tsayawa ya ce ga farashi.

Kada a ce baiwa ce ta fi. Su 'yan kudu mutanensu sun yi ƙaura ta jirgin sama zuwa Landan da Houston da Toronto, inda ake biyan albashi da fam da dala, su ne kuma suka fara cika zaurukan kafin Turawa su biyo. Mu namu ƙaurar ta ƙasa ce, zuwa Yamai da Kumasi da Garwa da Njamena da Sudan da Jidda, inda akasari ake riƙe da sefa da sidi. Ko a intanet, abin da ake biyan mawaƙi idan an saurari waƙarsa daga Kano bai kai abin da ake biya idan daga Landan aka saurara ba. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe gidajen Hausawa a 2020 lokacin kullen korona, miliyoyi suka kalla a YouTube, amma yawan kallo bai zama kujerun da aka saya ba.

Mu mutanen kudancin Kano muna da rabonmu a wannan labari, rabon abin da aka fara ba a ƙarasa ba. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwan Tiga tsakanin 1971 da 1974, kuma tunaninsa bai tsaya ga noman rani na Kadawa ba. An yi otal ɗin Rock Castle a kan dutse a Tiga da na tafkin Bagauda don baƙi da masu hutu, ga dajin Falgore a gaba ta wajen Doguwa. An yi nufin yankin ya ci abinci daga masu zuwa shaƙatawa. Yau harabar Bagauda makarantar horar da lauyoyi ce. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu an kafa makarantar koyon aikin fim a Tiga. Sai kuma 2016, da gwamnatin tarayya ta bayyana shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, mai ɗauke da ɗakin taro da ɗakunan ɗaukar sauti da otal da filin wasa. Malamai suka hau mumbari suka ce ba su yarda ba, cikin 'yan kwanaki aka janye shirin. Ina girmama tsoron da suka ji wa tarbiyya, kuma gwamnati ta yi kuskure da ba ta zauna da su ba tun farko. Amma janyewar ba ta hana kiɗa ba. Ta dai bar shi a gidajen biki da lunguna da wayoyin yara, inda ba mai sa ido, ba mai ƙayyade lokaci, ba kuma harajin da ke shiga asusun jiha.

Ana yawan cewa Bahaushe ba ya biyan kuɗin kallo. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Ya biya a sinimomin Rex da Plaza da Marhaba. Yana biya a gidan dambe. Yana biya a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke gida. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai saki sabuwar waƙar Shugaba Buhari ba sai masoya sun tura masa naira dubu ɗai-ɗai, kuma cikin kwanaki kaɗan miliyoyi suka taru. Ko mutum yana son siyasarsa ko ba ya so, wannan ya nuna talakawa masu yawa za su iya haɗuwa su biya mawaƙi kai tsaye. Mawaƙan Kano da Kaduna da ke ƙetarawa wasan Sallah a Maraɗi da Damagaram da Yamai suna tarar da cincirindon da ya isa shaida, kamar yadda Fati Nijar ta taso daga Maraɗi ta yi suna a Kano ba tare da kowa ya ɗauke ta baƙuwa ba.

Abin da ya sa na damu da batun tikiti ba son a ce mun kamo wasu ba ne. Mawaƙin da mutum dubu ashirin suka biya ba ya jin tsoron fushin mutum ɗaya. Wanda kuwa gwamna ko ɗan takara ya saya wa mota, to zai yabi rijiyar da ba a haƙa ba, ya zagi wanda ya yaba bara. Mun ga haka a kowane zaɓe, kuma waƙar Hausa ce ke asara, don masu baiwar da ya kamata su yi wa manomi da ɗan gudun hijira da matar da aka bari da marayu waƙa sun tafi inda ake biya.

Hanyar fatake tana nan, yanzu da kwalta: Kano, Katsina, Maraɗi, Yamai, a gangara Kumasi da Akara. Masu shirya wasa su fara da zauren da za su iya cikawa, su buga tikiti mai lamba, su ware wurin iyali, su fara a kan lokaci a tashi kafin dare ya yi nisa, su zauna da hukuma da malamai a amince da ƙa'ida tun kafin a kafa lasifika, sannan su fito su faɗi mutum nawa suka shiga da nawa aka tara. Kai kuma mai sauraro, da ɗaruruwan waƙoƙi a wayarka waɗanda ba ka ba masu su komai ba, ranar da mawaƙin da kake so ya zo garinku aka sa kuɗin ƙofa, kada ka nemi wanda zai shigar da kai ta baya. Ka ciro kuɗinka ka biya.